Ghissa Mai Ban Ruwa da Bareyin Bayan Garake

Ni na fara ganinsu, in aka cire shi mai abin. Duk wanda yau yake bugun ƙirji a Akokan yana cewa ya san labarin bareyin bayan garake, a bakina ya ji. Ni ne Sabiru na Damagaram. Ban shiga lakol na yi boko ba, ramin haƙar yuraniyom na shiga, tun gashina yana baƙi har aka rufe ramin a 2021. Na ga yunwa, na ga tawaye, na binne abokai da yawa, ga ni nan ina taka keke. To amma yau ba don kaina na buɗe baki ba. Ghissa mai ban ruwa zai aje aiki, gwiwoyinsa sun ƙi, ban ga wanda ya tashi ya ce masa sannu ba.

Ghissa mutumin Abzin ne, dogo, marar magana. Aikinsa raba ruwa tsakanin masu garka. Da an sallame asuba zai ɗaura fartanya a bayan keke ya shiga garake, ya buɗe wa wannan magudana, ya toshe ta wancan da laka, ya wuce. Masu albasa su ce an cuce su, masu ganyen salati su ce an cuce su, ya saurare su duka, ya yi abin da ya zo yi. Tun da ya kama aikin ba a zub da jini a kan ruwa ba, kuma wanda ya san mutanen garka ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Garka ta ƙarshe ta Bara'atu ce, Ba'adara mai tumatir. Daga shingenta sai hamada. In Ghissa ya gama da kowa, ragowar ruwan ba ya barinsa ya kwanta. Ya haƙa 'yar siririyar hanya da hannunsa, tana kai shi nesa, can wani kwari mai itatuwan aduwa. Ciyawa ta fito a wurin. Bareyi suka gano ta.

Wata safiya ya ce da ni, "Badamagare, kana da ƙafa?"

Na ce, "Ni kake tambaya? Ni da na yi tafiyar ƙarƙashin ƙasa?"

Ya ce, "To sa wa sarƙarka mai. Kekenka yana kuka kamar akuya."

Muka ratsa alkama, muka ratsa karoti da albasa, raɓa tana jiƙa mana wando. Bayan shingen Bara'atu yashi ya fara kama taya. A nan na ga yadda yake yi. Ya sauka ya ɗebi ƙasa ya sake ta, ya ga inda iska ta nufa, muka kewaya har iskar ta dawo tana bugun fuskarmu. Ya kwantar da keken a ƙasa don kada ƙarfe ya yi ƙyalli. Ya hana ni taba, ya hana ni tari. Muka ja ciki bayan wani dutse.

Ga su. Launin yashi, cikinsu fari, ƙafafu kamar tsinke. Wata tana da ɗa yana tsalle babu dalili. Babban namijin yana ci yana ɗaga kai. Na juya na dubi Ghissa, mutumin da ban taɓa ganin haƙorinsa ba, sai na tarar yana murmushi shi kaɗai. Ya ce mini a hankali kullum sai ya zo, in bai gan su ba shayi ba ya yi masa daɗi.

Kai ne ka shayar da garake, ka shayar da abin da ba zai ce maka na gode ba. Ghissa na Fadimata, mai fartanya ɗaya.

Bayan rufe rami samari suka watsu neman zinariya a Tchibarakaten, wasu suka dawo da moto, wato babur, da kat-kat, motar ratsa yashi. Cikinsu akwai Abdulrazak, ya gina gida mai babban tsakar gida, ya ce sai ya sa ɗan barewa a ciki. Ya samu Ghissa a gaban jama'a wurin mai shayi.

"Baba, an ce kana da bareyi. Nuna mini wurin, in ba ka moto sabuwa. Ka huta da keken nan, ka ga gwiwarka."

Ghissa ya ce, "Ɗana, in na hau moto wa zai ji ƙorafin masu albasa?"

Aka yi dariya, Abdulrazak bai yi ba. Ya ce ai taya tana barin sawu, kuma yaransa sun iya bin sawu. Kowa ya san yadda ake kama ɗan barewa: ana bin garken da moto har uwar ta faɗi, sannan a ɗauki ɗan.

Ghissa ya gwada ɗaura reshen ƙaya a bayan keke yana share sawunsa. Bai yi ba, don hanyar ruwan ita kanta kore ce, makaho ma zai bi ta. Bara'atu ce ta ga abin da ya yi daga nan, ita ta gaya mini. Ta fito da safe ta tarar da shi a bakin shingenta yana cusa laka a bakin hanyar, yana dannawa da ƙafa.

Ta ce, "Malam Ghissa, yau ka manta da mutanenka?"

Ya ce, "Ban manta ba. Korarsu nake yi."

Lokacin zafi ne, ciyawar ba ta daɗe ba ta ƙone. Bareyin suka yi ta zuwa suna sunsunar ƙasa, Ghissa yana kwance bayan dutsen yana kallo, har ranar da ba su zo ba. Da yaran Abdulrazak suka isa kwarin da motocinsu, busasshen kashi suka tarar da sawun da ya nufi duwatsu, inda taya ba ta hawa.

Kai ne ka kira su, kai ne ka sallame su da ransu, ba ka kai ƙara wurin kowa ba. Mun gode, Ghissa. Allah ya ba gwiwa sauƙi. Wanda zai karɓi fartanyar, ya je ya zauna da tsohon nan tun yana da bakin magana, ya koyi inda ake buɗewa da inda ake toshewa.

Yanzu na ji wasu samari suna cewa wai ba a taɓa yin barewa kusa da Akokan ba, tatsuniyar tsofaffi ce. To. Ina zaune kullum da hantsi wurin mai shayin bakin tasha. Wanda ya ce ƙarya nake, kada ya faɗa a bayana. Ya zo ya tsaya a gabana, ya dubi idona, ya maimaita.