Zoɓon Inna a Kwalba

A gidanmu na Haɗejiya zoɓo ba ya kwana biyu. Dokar Inna ce, kuma tun tasowata ban ji wanda ya tambaye ta dalili ba. Takan jiƙa shi da yamma a randar ƙasa, da citta da kanumfari da ɗan masoro, ta tace da sassafe, ta sa sukari, a sayar a wuni. Abin da ya rage bayan la'asar na maƙwabta ne. In su ma sun ƙoshi, sai a juye a gindin darbejiyar tsakar gida. Busasshen zoɓon kuwa daga wajen Kawu yake zuwa, ƙaninta da ke Guri, wanda ke shuka yakuwa a jigawa inda ambaliya ba ta kaiwa. Ko shekarar da ruwa ya cinye masa shinkafa, buhun Inna ba ya fashi. Da wannan sana'ar ta riƙe mu bayan rasuwar Baba.

Ni ce 'yar fari, don haka ba ta kama sunana, ba ta kuma zama hira da ni. "Ke" ce tsakaninmu, kuma na saba. Duk wasa da dariyar da aka hana ni, Auta ce ta kwashe. Ita ce mai kwanciya a cinyar Inna har bayan ta gama jami'a, ita ce mai tsoma hannu a kwanonta. Ban taɓa cewa abin bai dame ni ba, don ya dame ni, amma yarinyar tana da shiga rai, ko ni ban iya fushi da ita ya wuce wuni ba.

Da ta dawo daga Kano ba aiki, sai ta dawo da wani sabon yayi. Wai yanzu a manyan bukukuwa an daina jera lemon kwalba, sai ruwan inabin Turawa da ake kira wayin, marar sa maye, a kwalabe masu dogon wuya, ana tsiyayawa a kofunan gilashi masu ƙafa ɗaya kamar zalɓe. Ta ce ta ɗanɗana, kuma wallahi bai kama ƙafar zoɓon Inna ba. Ga shi manyan motoci na zuwa har ƙauyen Kawu suna lodin zoɓo zuwa ƙasashen waje, mu kuma muna nan muna ƙulla namu a leda. Ta sayo kwalabe da murafensu na toshewa, ta sa aka buga mata takardar liƙawa mai ruwan zinari, ta ƙara ɓawon abarba da dabino a haɗin. Kafin a ce me, matan ma'aikata sun fara aikowa.

Inna ba ta hana ta ba. Ita ke jiƙa mata ma, ita ke tacewa, don Auta ba ta da haƙurin tata. Amma da zarar zoɓon ya shiga kwalba, Inna ta sallama shi. Ba ta sha, ba ta taɓawa, in an tambaye ta sai ta ce wannan na Auta ne. Dalilinta shi ne an gaya mata kwalaben giya haka suke, kuma ba ta ga abin da zai sa halas ya riƙa kwaikwayon haram ba. Auta ta yi ta bayani har ta gaji. Duk ranar da ta yi sabo sai ta cika kofi ɗaya ta ajiye a gefen tabarmar Inna, ya yi ta zama har ƙudaje su same shi. Mutanen gari na yabonta, amma ba yabonsu take jira ba. So take Inna ta kurɓa sau ɗaya, ta yarda cewa wannan ma sana'arta ce aka ɗora a kai. Na sha shanye kofin nan a ɓoye don Auta ta ɗauka Inna ce ta sha, kuma ba ta taɓa ruɗuwa ba.

A bazarar shekarar ne aka ba ta babban aikinta na farko, bikin 'yar wata abokiyar aikina a Malam Madori. Kwalaben sun yi yawan da ba za a iya cikawa rana ɗaya ba, sai ta fara tun da sauran kwanaki, tana jerawa a firjin da ta aro. Inna ta tuna mata dokar gida sau ɗaya, Auta ta ce ai dokar ta zamanin da ba firji ce. Ana cikin haka taransifomar unguwarmu ta ƙone. Aka koma sayen ƙanƙara, ita kuma a zafin nan ba ta kai azahar.

Ranar bikin da hantsi na zo taya ta ɗaura wa kwalaben zare mai ƙyalli. Muna zaune a rumfa sai muka ji fau, murfin wata kwalba ya yi sama ya bugi kwanon rufi, jar kumfa ta biyo wuyanta. Wani ƙamshi ya tashi, mai kama da ƙullun waina da ya kwana. Na ce mata anya, ta ce iskar abarba ce kawai. Don ta nuna mini, ta cika kofi ta shanye, ta ce yana ɗan tsikarin harshe kamar lemon kwalba, ya ma fi daɗi. Ta ƙara wani.

Ba a jima ba ta zauna a kan turmi ta dafe goshi, ta ce kanta na yi mata wani iri. Yarinyar da ba ta karya ba, ba ta kuma yi barcin kirki ba, ko ruwan randa ta sha a tsaye haka kanta zai yi. Na san da haka. Amma mun kalli juna, kuma kalmar da kowa ke gudu ta riga ta shigo rumfar.

Abin dariya, abin tausayi, duk gidan ba wanda ya san giya. Ba mu san warinta ba, ba mu san ɗanɗanonta ba, ko kalarta a talabijin muka gani. Ni da nake koyar da kimiyya a firamare na san a littafi cewa abu mai zaƙi in ya daɗe a rufe cikin zafi yakan juya, amma littafin bai faɗi yadda zai yi a hanci ba. Na shinshina, na sake shinshinawa, ban ƙaru da komai ba. Wa kuma za a tambaya? A unguwarmu ka miƙa wa mutum kofi ka ce ɗanɗana ka gaya mana ko giya ce, ai ka zage shi har iyayensa. Akwai wani tsohon direba da ake raɗe-raɗin ya san ta a ƙuruciyarsa, amma yanzu sahun gaba yake a masallaci, ba mai wannan ƙarfin halin.

Sai Auta ta fara kuka. Na ɗauka kwalaben take yi wa, ko kunyar uwar amarya, na fara cewa za a san yadda za a yi. Ashe ba nan hankalinta yake ba. Abin da aka karantar da mu tun muna Islamiyya game da sallar wanda ya sha giya ne ya dawo mata.

"Yaya, kofi biyu na sha," ta ce. "Da bakina. Har na ce ya fi daɗi."

Inna ta fito daga madafi tana goge hannu da gefen zane. Na tabbata yau dokar gida za ta fito da ƙarfinta, kuma ban ɓoye ba, wani ɓangare na zuciyata ya so a ce sau ɗaya dai an yi wa Auta faɗa a gabana. Inna ta dubi kumfar da ke ƙasa, ta dubi 'yarta. Ta tambaye ni ko giya ce. Na ce ban sani ba. Ta ce ita ma ba ta sani ba.

Ta sunkuya ta ɗauki kofin nan mai ƙafa ɗaya. Ba ta iya riƙe shi ba, da hannu biyu ta tallabe shi kamar ƙoƙon fura. Ta miƙo mini ta ce in zuba. Na tsaya ina kallonta, ta ce, "Ke, zuba mana." Na zuba kaɗan. Leɓɓanta sun motsa, ban ji abin da ta karanta ba. Ta kurɓa, ta haɗiye.

"Ni na jiƙa shi, ni na tace," ta ce wa Auta. "In akwai tambaya a kansa, tare za a yi mana. Tashi ki wanke fuskarki."

Auta ta daina kuka don mamaki. Inna ta yamutsa fuska ta ƙara da cewa abarbar ta yi yawa, an kashe cittar gaba ɗaya. Daga nan ta sa muka tuttule kwalaben duka a kwata, aka ɗora ruwan zafi a manyan tukwane, aka jiƙa sabo na gaggawa. Mun isa Malam Madori a makare, zoɓon da ɗuminsa a manyan robobi, aka yi ta jefa masa ƙanƙara. Ba wanda ya yi ƙorafi in ban da uwar amarya, ita ma a kan lattin ne.

Abin ya tsaya mini a rai, sai bayan an kwana biyu na je wurin malamin da ke ba mu karatu ranar Asabar, na ba shi labari ban faɗi ko su wa ba ne. Ya ce mai yiwuwa ma tsami kawai ya yi, bai kai ga maye ba. Wadda ta sha ba da sani ba, babu komai a kanta. Wadda kuwa ta sha alhali tana shakka, ita ce ya kamata ta nemi gafarar Allah, don abin shakka barinsa ake yi.

Na sami Inna tana tsince zoɓo a faifai, na gaya mata yadda ya ce, ina sassauta murya don kada ta ji nauyi. Ba ta ɗago ba, ba ta kuma daina tsinta ba.

"Na sani," ta ce. "Tun kafin in ɗauki kofin na sani."