Kazar Matan Coci

Matso kusa ka ji, don wannan ba labarin da ake ɗaga murya ba ne, kajin suna tsakar gida.

Shekarar farin nan da shanu suka ƙare, ina da goyon fari, muna zaune a ƙauyenmu gabas da Dogo-Dogo. Dukiyar gidan duka ta koma kaza guda, wata ja mai ƙafa ɗaya a karkace. Ƙwanta nake dafa wa yarona, shi ya sa ko mijina bai isa ya yi mata kallon miya ba.

Sai ga kamiyo, babbar motar kaya, daga Magariya da buhunan dawa, da wani Bature da matarsa da tafintansu. Tafinta ya ce Kiristoci ne, 'yan cocin da ake kira Menonit. Bayan dawa aka ba kowane gida bargo.

Uwar mijina, Inna, ta shimfiɗa namu tana dubawa. Bargon duk faci ne, ƙyalle ja nan, shuɗi can, wani da furanni.

Ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya ɗinka wannan?"

Tafinta ya ce, "Matan cocinsu, Inna. Taruwa suke yi su ɗinka da hannu."

"Mata suka taru, cocin guda, ba su iya haɗa kuɗin turmi ɗaya ba?"

Ta juya ta ƙare wa Baturiyar kallo. Ba ɗan kunne, ba awarwaro, ɗan kwalin ma bai fi tafin hannu ba. Idon Inna ya kawo ruwa. "Wayyo, sun sayar da kome! Farinsu ya fi namu. Ke 'yar nan, kamo min kazar."

Na ce, "Inna, ƙwan yaro fa?"

"Yaro yana da nono. Wannan baiwar Allah ko kunne ba a huda mata ba."

Na bi kaza ina addu'ar kar in kama ta. Sau biyu na faɗi da gangan. Shegiyar da kanta ta shige ƙarƙashin zanen Inna.

Baturiya ta ƙi karɓa, Inna ta ɓata rai, tafinta ya raɗa mata cewa ƙin karɓa zagi ne. Ta rungumi kaza kamar jinjiri, kaza ta sa mata hannu a riga da kashi, ka gane. Ni kuwa ina tsaye na haɗe rai saboda ƙwai.

Baturen ne ya lura da fuskata. Ya yi magana da tafinta, tafinta ya ce, "Inna, sun gode, amma tafiyarsu da nisa. Ko za ki riƙe musu ita kiwo?"

Inna ta gyara zama. Kiwo ai ta san shi: abin da aka haifa a raba. Tun daga ranar, ƙwai ɗaya na yarona, ɗaya na matan coci, a bar shi a ƙyanƙyashe. 'Yan tsakin nasu har zare ta ɗaura musu a ƙafa. In shaho ya ɗauka sai ta ce namu ne ya ɗauka, don ba ta cin amana.

Ba su sake dawowa ba. Inna ta rasu, zaren ya tsinke, kaji suka cakuɗe, jikokin jikokinsu ne suke tona min shuka yanzu. Ga salla ta ƙarato, ga wani zakara ya yi ƙiba har tafiya yake da ƙyar. To kai a ganinka, in na yanka shi, namu na ci ko nasu?