Ranar da Ɗanladi Ya Cije Hularsa

A Gidimuni, in ka hango mutum yana shan shayi a tsaye yana kaɗa ƙafa, ba sai ka tambaya ba, Ɗanladi ne. Shekara ashirin muna maƙwabtaka, ban taɓa ganin ya ɗumama tabarma ba. Matarsa Hajjo ta ce ko tuwo, rabinsa a bakin ƙofa yake ƙarasawa.

Da can ɗan kokawa ne, har ranar da gwiwarsa ta hagu ta goce a wani wasa. Sai ya koma lambunsa na albasa a bakin tafki, ya kuma ɗora wa kansa koyar da samari kokawa, ba tare da kowa ya sa shi ba. Ana idar da sallar asuba yake kora su cikin taɓo, su riƙe juna su tsaya har cinyoyinsu su ɗauki rawa. Shi ma shiga yake da gwiwar tasa, wai ba zai tsaya a busasshiyar ƙasa yana ba mutane umarni ba. Kullum Hajjo na gasa masa ƙafar tana mita, gari na wayewa ya koma. Cikin samari sha biyu da suka fara, huɗu suka rage.

Gwaninsu Kassim ne, ɗan ƙanwarsa, wanda a hannunsa ya tashi har ya yi aure. Sau biyu ana kai shi Zinder wajen zaɓen ƴan kokawar da za su wakilci jiha, sau biyu yana faɗuwa, kuma ni dai na ce laifin kawun ne. Ɗanladi ba ya iya kallo baki a rufe. Da ya hango ƙafar abokin karawa ta buɗe sai ya ƙwala wa Kassim kira. Shi kuwa tun yana ƙarami ya saba, in kawu ya ambaci sunansa dole ya amsa ya waiwaya. Wannan ɗan waiwayen ake jira, a sunkuce shi a buga da ƙasa.

Mu duka mun gani, muka rasa mai faɗa. Sai da Kassim ya ce in bana ma ba a zaɓe shi ba, zai bar kokawa ya tafi ci-rani Agadas, sannan Hajjo ta fasa.

"Malam," in ji ta, "ba ƙarfi ake fin Kassim ba. Bakinka ne ke kada shi."

Kwana uku Ɗanladi bai yi mata magana ba. A na huɗu ya gwada gyara Kassim: ya ce ko an kira shi kada ya juyo. Ina! Yana jin sunansa sai ya juyo, ya kuma ba da haƙuri. Ɗanladi ya gane shi kansa ne ya rage a gyara, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ranar zaɓe aka haɗa Kassim da Suma'ila na Takieta, wanda ya kada shi bara. Ɗanladi ya zauna kusa da ni, ya cire hularsa ya cusa a baki. Kassim da Suma'ila suka kama juna. Minti biyar, minti takwas, ba wanda ya gusa. Sau biyu ƙafar Suma'ila na buɗewa, sau biyu Ɗanladi na zabura ya koma. Gumi ya jiƙe masa riga, ya damƙe wuyan hannuna har na ji kamar zai karye. Tausayinsa ya kama ni, ga haushin hannuna.

Ashe Suma'ila ma kiran yake jira, don da shi ya ci bara. Da shirun ya yi masa yawa sai ya saci kallon wajenmu, ya ga ko tsohon na nan. Kafin ya maido kansa, Kassim ya ɗauke shi ya buga da ƙasa.

Fili ya kaure da ihu da kiɗa. Kassim ya ratso mutane ya zo ya durƙusa, yana haki.

"Kawu, ban ji ka ba. Na ɗauka fushi kake da ni."

Ɗanladi ya zare hular, ta huje, da jini a jikinta. Ya daɗe yana kallonsa.

"Kassim."

"Na'am, Kawu."

"Ba komai. So nake dai in kira."