Kular Wainar da ta Fasa Gilashin Motarmu

Akwai wata ranar Lahadi a birnin Kuala Lumpur da na tabbata ko tsufa ya cinye min duk sauran abin da na gani a ƙasar Malesiya, ita ba za ta fita daga raina ba. Har yau in na ji ƙarar birki ana ruwan sama, sai in yi hamdala.

A ƙarshen shekaru goma na farko bayan shekarar dubu biyu ne. Ni ina karatun digiri na biyu a fannin kiwon lafiyar al'umma, maigidana kuma yana nasa na uku. Muna zaune a wani dogon bene a unguwar Setapak, inda ɗalibai 'yan Afirka suka yi yawa. A nan Allah ya ba mu ɗanmu na fari. Mahaifiyata ta riga ta rasu, don haka surukata, Hajiya, ita ce ta hau jirgi daga Kano ta zo ta kula da ni. Mace ce mai kirki, mai barkwanci, amma in ta kafe a kan magana ba a iya tanƙwara ta. Tun ranar da ta ɗora ido a kan jikanta take kiransa angonta, kuma kusan ba ta sauke shi daga jikinta sai in zai sha nono.

A wancan lokacin maganar hatsarin mota ta cika ko'ina. Ƙasashen duniya sun fara ɗaukarsa a matsayin annoba kamar sauran cututtuka, ana ta matsa wa gwamnatoci su yi dokoki a kan gudu da hular kwano da ɗaura bel. A aji ma an yi mana darasi a kai. Malesiya kuwa ta riga ta fito da sabuwar doka cewa wanda ke zaune a bayan mota ma sai ya ɗaura bel, ba na gaba kaɗai ba. Mutane na ta gunaguni a shagunan shayi, wasu na cewa hanyar cin tara ce kawai.

Wata maƙwabciyarmu 'yar Filato, wadda muke zaman mutunci da ita sosai, ta kawo min kujerar jarirai ta mota da 'yarta ta girme mata. Maigidana ya ɗaure ta a bayan 'yar tsohuwar motarmu. Hajiya ta leƙa ta dube ta, ta taɓe baki. Na san taɓe bakin nan nata. Ba na yarda ba ne.

Ranar Lahadin za mu je suna a unguwar Cheras, gidan wani abokin karatun maigidana. Hajiya ta tashi tun da sassafe ta soya waina, ta yi miyar taushe, ta cika babbar kula, ta ce ai ba za ta je gidan suna hannu rabbana ba ko da a bangon duniya ne. Bayan azahar muka sauko. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, irin na garin da ba ya ɓata lokaci.

A bakin mota rigimar ta tashi. Hajiya ta shige baya da yaron a kafaɗarta, ta gyara zama.

"A sa kular a wannan abin naku, daidai da ita ne," in ji ta. "Angona yana wurina."

Na san abin da ya kamata in faɗa, na karanta shi, na ma rubuta jarrabawa a kansa. Amma duk wadda ta yi zama da suruka ta san nauyin da ke kan harshe. Na ce a hankali, "Hajiya, da dai an sa shi a kujerar, ta fi tsaro."

"'Yar nan, ta fi hannuna tsaro? Duk yaran da na haifa a cinyata suka yi tafiya, har wannan da ke riƙe da makulli. Ɗan mutum a ɗaure shi kamar za a kai shi kasuwa?"

Na dubi maigidana. Shi ma ba mai musu da mahaifiyarsa ba ne. Ya ɗan sosa ƙeya, sannan ya durƙusa a bakin ƙofar motar.

"Hajiya, ba mu ba ne, doka ce. An ce duk wanda ke bayan mota sai ya ɗaura bel, kuma ni ban ji an ce ban da jarirai ba. In 'yan sanda suka tare mu, ni za su tsayar a gefen titi kowa na kallo. Ga mu baƙi, ga karatu."

Wannan ce ta kama ta. Hajiya za ta iya jure komai, ban da a wulaƙanta ɗanta a ƙasar mutane. Ta yi ajiyar zuciya ta miƙo min yaron. "To, ku ɗaure shi. Ni ma ku ɗaure ni, tunda garinsu ne." Na kwantar da shi na ɗaure, na zagayo na ja mata nata bel ɗin. Ta ce a ba ta kular ta riƙe a cinya kada miya ta zube. Ni kuma na zauna gaba.

Ba mu yi nisa ba ruwa ya kece. Muna kan babban titi, waifa na ta kai da komo amma da ƙyar ake ganin motar gaba. Maigidana ya rage gudu. Hajiya tana yi wa angonta waƙa tana tsokanarsa wai an kama su tare. Sai kawai na ga wani mai babur a gabanmu ya zame, babur ɗin ya yi gefe, shi ya yi gefe. Maigidana ya taka birki ya murɗe sitiyari don kada ya bi ta kansa. Motar ta ƙi tsayawa. Ta sulale a kan ruwan kamar ba tayoyi, ta juya, ta je ta daki ƙarfen gefen titi da gaba.

Wani abu ya wuce ta gefen kunnena da ƙarfi ya bugi gilashin gaba. Gilashin ya tsattsage, wani abu mai ɗumi ya watsu min a fuska da hijabi. Sannan komai ya tsaya.

Abin da na fara lura da shi shi ne ban ji kukan yaro ba. Ban san tsawon lokacin ba, watakila bai kai numfashi biyu ba, amma ban taɓa shiga lokaci mai tsawonsa ba. Na kasa juyawa. Na shafa fuskata na ga ja a hannuna. Ina jin Hajiya tana ta salati da wata murya da ban san ta da ita ba. Daga nan yaron ya tsala kuka, irin na wanda aka tasa daga barci ba da son ransa ba. Na kwance bel na juya. Yana nan a kujerarsa, fuska a murtuke, yana ta harba ƙafafu. Ko ƙwarzane babu. Jan da ke hannuna kuma miyar taushe ce da manja.

Mutanen garin suka tsaya. Wata mata Bamalaya ta zo da lema ta rufe mu, tana ta tambaya da Turanci ko jaririn lafiya. Mai babur ɗin yana zaune a gefen titi, gwiwarsa ta goge, hular kwanonsa ta tsage, amma yana magana, har yana ba maigidana haƙuri. Motar asibiti ta zo ta kwashe mu. Likita ya duba yaron ya ce ba abin da ya same shi. Maigidana ya bugu a ƙirji, ni wuyana ya sage na 'yan kwanaki, Hajiya kuma bel ya yi mata shati daga kafaɗa zuwa ƙugu.

Muna zaune a asibitin muna jiran a sallame mu, Hajiya ta sunkuyar da kai. Hannuwanta kawai take kallo. Can ta ce da ni, ba tare da ta ɗago ba, "'Yar nan, wallahi da hannu biyu na riƙe kular nan. Na ƙanƙame ta da duk ƙarfina. Ban ma san lokacin da ta fita ba."

Na matsa kusa da ita na ɗora mata yaron a cinya, ta kifa fuskarta a kansa ta yi ta kuka, ni ma na taya ta. Kukan ba na baƙin ciki ba ne. Maigidana ya kira masu suna ya shaida musu, kafin magariba kuwa sai ga su sun cika gidanmu, har da maƙwabciyata 'yar Filato, wadda ta rungume ni.

Hajiya ba ta sake yi mana musu a kan maganar ba har ta koma gida. Yaron nan yanzu ya fi ni tsawo, yana ma naci a koya masa tuƙi.

Abin da na koya a ranar ya wuce abin da aka koya min a aji. Ƙauna, komai yawanta, ba ta ƙara wa hannu ƙarfi a lokacin da mota ta daki ƙarfe. Na kuma gane amfanin doka ta wata fuskar da ban taɓa tunani ba. Akwai gaskiyar da kunya ke hana ƙarami faɗa wa babba, akwai wadda direba ba zai iya gaya wa maigidansa ba, ko mata ga mijinta. In hukuma ta mai da ita doka, sai mai ƙaramar murya ya sami abin jingina. Shi ya sa yanzu in na ji ana ƙorafi a kan dokar bel ko hular kwano, ba na gardama. Ina dai cewa a ɗaura tukuna, a yi addu'a, sannan a tada mota.