Zakaran da ke Bayan Muryar Baffa

Ni mai rubuta manhaja ne, irin na ƙaramin shago a unguwar Luggere, kuma abokan sana'ata a Jimeta sun daɗe suna yi mini tsiya wai kayan aikina sun girmi gemuna. Su yi ta yi. Da tsohuwar manhajar rubutu na koya, da ita hannuna ya saba.

Da ita na haɗa wata 'yar manhaja mai karanta sautin tsohuwar rakoda. Rakodar nan ni na ba mijin goggota, wanda muke kira Baffa, lokacin da rikici ya katse layukan waya a garinsu, can arewacin jiha. Yakan ɗauki gaisuwa a ciki, direba ya kawo, in kunna wa dangi. Da tashin hankalin ya iso ƙofarsu, Goggo ta fito da ƙafa har ta samu motar Yola. Baffa ya ce zai biyo baya. Bai biyo ba, gidan kuma aka ƙone shi.

Goggo ta zauna a unguwar Yolde Pate, nan Yola. Duk Juma'a takan hau keke napep ta zo shagona, ta zauna a benci, in kunna mata gaisuwarsa ta ƙarshe. Ba ta kuka. Ta saurara, ta ce madalla, ta tafi.

Wata rana na dawo daga sallah na tarar kwamfutar ta sabunta babbar manhajarta, wadda komai ke tafiya a kanta. Fuska sabuwa fes, amma manhajata ta ƙi buɗewa. Kai! Raina ya ɓaci, sai dai son sanin dalili ya fi ɓacin ran ƙarfi. Na yi ta tono har na gano cewa an cire wani ɗan guntun abu da tsoffin kayan aiki ke jingina da shi. Wato wani can a wata ƙasa ya duba, ya ga kamar ba mai amfani da shi, ya share. Na daɗe ina tunanin mutumin nan. Ko wa ya tambaya? Ina zai san da Goggo?

Abokai suka ce dama mun faɗa maka. Na haɗiye, na ɗauko sabon kayan aiki na juya sautin zuwa na zamani. Sabon har gwaninta ya yi mini, ya wanke duk wata hayaniya da kansa. Muryar Baffa ta fito tas kamar yana cikin shagon. Wallahi na ji daɗi, har ina ɗokin Juma'a.

Goggo ta saurara zuwa ƙarshe, ba ta ce madalla ba.

"Ɗana, ina zakaran?"

"Wane zakara, Goggo?"

"Akwai zakara a bayansa. Akwai turmi. Ina ka kai su?"

Ni da na kunna sautin nan sau ba adadi, ban taɓa lura da wani zakara ba.

Na bi masu gyara a kasuwa har na samo wata tsohuwar kwamfuta mai karyayyen murfi. Na zuba mata tsohuwar babbar manhaja, na mayar da kayan aikina, na hana ta intanet har abada. Tana nan a lungun shago, duk mai son taɓa ta sai mun yi faɗa.

Da Juma'a ta zagayo na kunna. Ga shuuu ɗin rakoda, ga Baffa yana gaisuwa, sai zakara ya yi cara. Can ƙasa-ƙasa kuma taɓarya na sauka, dum, dum. Goggo ta matso da kunnenta kusa da lasifika.

"Ka ji dakan nan? Ni ce," in ji ta. "Yana magana, ina daka masa gero. Bar shi ya kai ƙarshe, ɗana, nan kaɗai muke gida ɗaya."