Bindigar Baba ta Uku

Bindigogi biyu na taso na tarar a ɗakin mahaifina a Dutse Uku. Ɗaya adaka ce da ya gada wurin nasa mahaifin, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Tana rataye a bango, ban taɓa jin kukanta ba, kuma ina kyautata zaton da an gwada ta, mai harbin ne zai riga naman kwanciya. Ɗayar mai baki biyu ce, ƙirar Turai, ya saye ta tun yana aiki a kamfanin kuza, kafin a haife ni. Ita ce ta aiki. Lasisinta na cikin leda a ƙarƙashin katifa, kuma bai taɓa bari ya ƙare ba, shi da sai an yi ta fama kafin ya tuna da maganin hawan jininsa.

Baba ba irin maharban da ake yi wa kirari ba ne. Fakara yake harbi, da zabin daji, wani lokaci zomo, sai kuma birai idan sun matsa wa masararsa a gonar da ke bayan tsaunuka, gaba da tsofaffin kududdufan kuza. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini. Ni ce kuma mai mota a cikin 'ya'yansa, shi ya sa na zama direbansa. Ranar Asabar nakan taso daga Daɗin Kowa in ɗauke shi in kai shi gona, in zauna a kan dutse ina duba takardun ɗalibaina har ya gama yawonsa.

A shekarar da nake magana, sai ya fara kushe mai baki biyun. Wai tana dagargaza fakara, mutum ya harbi tsuntsu ya je ya tarar da gashi da ƙashi. Bindigar da ta ciyar da mu nama tun muna rarrafe, rana ɗaya ta zama mai ɓarna. Ni dai na ga yadda yake murza kafaɗarsa ta dama bayan kowane harbi, na kuma ga mahaifiyata tana gasa masa ita da ruwan zafi. Baba zai iya yarda an sace masa akuya saboda sakacinsa, amma ba zai yarda bindiga ta fi ƙarfinsa ba.

Akwai wani abin da ni da shi kaɗai muka sani. Sau biyu na kai shi asibitin ido. Likita ya ce yanar ido ce ta fara rufe idanun duka biyu, na dama ya fi, kuma sai an yi aiki. Baba ya ce a bari sai bayan girbi. Girbi ya zo ya wuce, ya ce ai ba wannan girbin yake nufi ba. Katin asibitin ma a jakata yake zaune, don kada mahaifiyata ta gani ta ɗaga hankalinta.

Wata safiya ya ce in kai shi cikin gari wurin mai sayar masa da harsashi. Mutumin Ibo ne, dattijo, yana da lasisin sayar da kayan farauta, kuma a shagonsa Baba yake sayayya tun ina firamare. Baba yana ce masa Oga, shi kuma yana ce wa Baba Baba, duk da ba na jin akwai shekara biyar tsakaninsu. Hausarsa irin ta kasuwar Jos ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

Baba ya faɗi buƙatarsa. Yana da babba, yana son ƙarama da za ta zauna kusa da ita: babbar ta birai, ƙaramar ta tsuntsaye.

A nan na koyi abin da ban taɓa tambaya ba. Irin waɗannan bindigogin lamba gare su, kuma lambar faɗin bakin take nunawa. Ta Baba lamba sha biyu ce. Akwai sha shida, akwai ashirin, kuma abin a juye yake, idan lamba ta hau baki yana ƙara tsukewa. Harsashin ashirin siriri ne, bai kai na sha biyu tokarin kafaɗa ba. Oga ya jera harsasai a kan teburinsa. Na sha biyu ja ne, mai kauri. Na ashirin rawaya ne.

"Baba, shawara na," in ji shi, "kar ka saya sabon bindiga. Wannan naka yana da kyau. Zan ba ka harsashi sha biyu mai sauƙi, ba ya buga kafaɗa sosai."

"Wa ya yi maka maganar kafaɗa?" Baba ya tambaye shi.

Oga ya yi dariya ya ce babu. Ya kawo maganar sha shida, ya kuma soke ta da kansa, ya ce harsashinta wuyar samu gare shi, sai mutum ya wayi gari da bindiga kamar sanda. Ya ce idan ma sai an ƙara, a ƙara wata sha biyun mai baki ɗaya, gida ya zama harsashi iri ɗaya. Baba ya ce me zai yi da tagwaye. Hannunsa na kan wata siririyar ashirin mai baki ɗaya tun da muka shigo, yana shafa katakonta kamar mai taya ɗan maraƙi.

Da Oga ya ga ba zai ci nasara ba, sai ya ce a miƙo masa mai baki biyun, da ma Baba ya zo da ita a duba masa wata ƙusa. Ya buɗe ta, ya ɗauki rawayan harsashi ya saka a inda ake sa ja. Harsashin bai tsaya a bakin ramin ba. Ya zurma ciki, ya ɓace. Oga ya juyo mana da bindigar, wurin ya koma fayau kamar ba a sa komai ba. Sannan ya ɗauki ja ya nuna mana yadda zai zauna daram a bayansa, bai dai saka ba.

"In ka harba haka," ya ce, "hanya a toshe. Ƙarfe zai fashe nan, wurin da hannun hagu yake riƙe. Fuska ma yana kusa."

Ya zura sandar goge bindiga ta gaba ya turo rawayan waje. Baba ya ce shi ba yaro ba ne, ya san ja ya san rawaya. Oga kuwa ni ya juyo ya kalla.

"Anti, idon Baba lafiya?"

"Garau," na ce.

Ban yi jinkiri ba, ban ma kalli Baba ba. Na sha tambayar kaina dalili. Ina jin ba na son a tsiraita shi a gaban mutumin da ya san shi da ƙarfinsa, kuma na ga yadda yake shafa katakon nan. Akwai kuma ragwanci irin nawa, na wadda ba ta son doguwar magana a shagon mutane. Ko ma mene ne, ƙarya na yi, kuma na san ƙarya ce tun kafin ta gama fita daga bakina.

Takardu suka ɗauki watanni. Da bindigar ta iso gida, Oga ya haɗo mu da sharaɗi: jaka biyu, ja a ɗaya, rawaya a ɗaya, kuma kada a fita da bindigogin biyu rana ɗaya. Baba ya kiyaye wannan sosai. Mahaifiyata ta ɗinka jakunkunan, ɗaya ta rataye a ƙusar bayan ƙofa, ɗaya a cikin kabad.

Gaskiya ƙaramar bindigar ta yi masa rana. Ya daina murza kafaɗa. Wani Bafulatani da ya daɗe da zama kusa da gonar yakan gaya masa inda zabi suke sauka da safe, Baba ya je ya zauna ya jira su. Yana kuskurewa fiye da da, amma yakan ce iska ce. Ranar da ya samu kuwa, tun daga mota ake jin labari har tsakar gida, kuma fakarar takan ƙara girma a hanya. Na ji daɗin ganinsa haka, har na fara gaya wa kaina cewa ƙaryata ta yi amfani.

Abin da babu wanda ya lissafa a cikinmu shi ne rigar. Jaka biyu ce, amma rigar farauta ɗaya ce, wata tsohuwar kakin kamfani mai manyan aljihu, kuma a aljihun dama yake zuba harsashin da zai yi aiki da shi a ranar.

Da damina ta yi nisa masara ta fara nuna, birai suka sauko. Wannan Asabar ɗin babbar ya ɗauka. An kwana ana ruwa, gari ya waye da irin sanyin nan namu da ke sa yatsu su ƙage. Ban zauna a kan dutsena ba saboda a jiƙe yake, sai na bi shi har gefen gonar, ina riƙe da fulas ɗin shayi. Biran na can kan wani faffaɗan dutse, wani babba a cikinsu yana ɓare masara a natse kamar shi ya biya kuɗin taki.

Baba harsashi ɗaya yake sawa, al'adarsa ce tun da. Ya buɗe bindigar idonsa na kan dutsen, ya laluba aljihu, ya saka, ya rufe, ya ɗaga. Ya ja kunama. Sai muka ji ƙas, babu komai.

Ya sauke ta ya buɗe. Ramin fayau.

"Kin ga tsufa ko, Uwata?" ya ce yana 'yar dariya. "Ashe ban ma sa ba."

Ya mayar da hannu aljihu ya ciro ja. Ni kuwa na ga lokacin da ya saka na farkon. Ban ga launinsa ba, hannunsa ya rufe, amma na ga ya saka wani abu.

"Baba, tsaya."

"Za su gudu."

"Su gudu. Ba ni ita."

Ban taɓa karɓar bindiga daga hannunsa ba, shi ma bai taɓa miƙa wa mace ba, amma ya miƙo. Na ɗaga ta a buɗe na saita ta da sama na leƙa. Bakin hagu haske tar. Bakin dama duhu.

Na karyo wani siririn reshe na zura ta gaba na tura. Harsashin ya faɗo a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa tsakanin ƙafafunmu. Rawaya ne, ragowar na makon jiya da ya maƙale a kusurwar aljihu.

Baba ya sunkuya ya ɗauka. Ya riƙe shi a hannu ɗaya, jan a ɗaya hannun. Ya kawo su kusa da fuskarsa, ya nisanta su, ya juya wajen haske. Ya daɗe a haka. Biran sun riga sun watse.

"Uwata," ya ce, "wanne ne rawayan?"

Na nuna masa. Ya gyaɗa kai. Ya ce shi da kauri yake gane su tun da aka kawo bindigar, yau kuma yatsun ba su ji ba. Muka kama hanyar gida. Tsoro na ji, sannan haushin kaina, kuma haushin ya fi daɗewa.

Ranar Litinin ya kira ni ya ce in zo bayan an tashi makaranta. Na tarar ya naɗe bindiga a cikin tsohon bargo, ya haɗa da lasisinta da jakar jajayen harsasai. Na ɗauka ƙaramar zai mayar, tunda ita ce baƙuwa. Da na ɗaga bargon zan sa a mota sai na ji nauyin. Mai baki biyun ce, wadda ta girme ni.

A shago ya ajiye ta a kan tebur ya ce Oga ya nemo mata mai lasisi, a yi takardun yadda doka ta ce. Ya ce gida ɗaya, harsashi iri ɗaya, kamar yadda aka gaya masa tun farko. Birai kuma a bar wa masu korar su da gwangwani da duwatsu. Ya ƙara da cewa ƙaramar ma za ta huta sai an wanke masa ido, ya riga ya sa rana.

Oga ya warware bargon, ya buɗe bindigar ya leƙa bakunan biyu, ya rufe. Bai tambayi abin da ya faru ba. Baba da kansa ya ciro rawayan harsashin daga aljihu ya tsayar da shi a kan teburin. Oga ya kalle shi, sannan ya ɗago ya kalle ni, irin kallon da ya yi mini ranar da ya yi tambayarsa. Na buɗe baki zan yi magana.

"Ba ta sani ba, Oga," in ji Baba. "Ɓoye mata na yi. Ka san yaran yanzu da tsoro."

Oga ya ce haka ne, tsofaffi akwai ɓoye ciwo. Ya jawo littafinsa ya fara rubuta lambar bindigar.

Ban gyara maganar ba. Jakata na rataye a kafaɗata, katin asibitin yana ciki, da sa hannuna a wurin wanda ya kawo majinyaci.