Goron da Ya Dahu a Kan Babur

Tsufa ya ƙwace mini abubuwa da yawa, har da haƙora da sunayen wasu jikokina, amma ranar da na dafa goron neman auren yayana, wannan kam sai dai a binne ni da ita.

Zamanin kuɗin mai ne, lokacin da kowane saurayi a Daura ke yawo da rediyo a kafaɗa. Ina aikin masinja a wani ofis. Karatuna aji huɗu ya tsaya, amma a gidanmu ni ne bature, domin ni kaɗai ke karanta takardar asibiti, ko da a juye na riƙe ta. Da albashi ya ƙaru na sayi jan babur da baƙin tabarau, daga nan kuma shawarar kowa ta daina shiga kunnena.

Aka sa ranar kai goro wani ƙauye bayan Zango. Baffanninmu suka yi gaba a mota tun da safe, aka bar ni in karɓo ƙwaryar goro a kasuwa in bi su. Babban baffa ya ja mini kunne cewa uban yarinyar tsohon falke ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a fataucin goro, kuma da goro yake auna mutane. In ya ga na banza, zai ce gidanmu haka yake, yayana kuma ya nemi mata a wani wuri.

Mai goro ya naɗe shi cikin ganye mai laima, ya sa a ɗan kwando. Na dubi kwandon, na dubi babur ɗina, na ga ba ajinsu ɗaya ba. Ina wuce Kusugu na tsaya, na watsar da ganyen, na juye goron cikin leda, wadda a lokacin abar yayi ce, na ɗaure ta a gefe daidai kan salansa, bututun hayaƙin babur. Amfanin ilimi ke nan.

Ina shiga Zango na ji wani wari yana bina. Na tsaya bakin kasuwa na kwance ledar. Na ƙasa ya dahu, ya yi baƙi ya yi laushi, na sama ya yi gumi ya fara yaushi. Na tsuguna a wurin, tabarau a hannu, ina tunanin ta wace hanya ake bi a shiga Nijar.

Ashe wani tsoho mai sayar da goro a faifai yana kallona daga gindin tsamiya. Ya yafuto ni. Bai yi dariya ba, ruwa ya miƙo mini a moɗa.

"Sha tukuna, samari. Ba a duba goro da busasshen maƙogwaro."

Na sha, na faɗa masa inda za ni. Ya zazzage ledar a kan jiƙaƙƙen buhu, ya ce, "Wa ya raba shi da ganyensa?"

"Iska ce, Baba."

"To, iskar garinku ta iya ɗaurin leda."

Ya yayyafa ruwa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana murzawa da yatsa, ya ware waɗanda suka dahu, ba su fi cikin tafi biyu ba. Ya maye gurbinsu da manyan farare daga faifansa, ya naɗe duka cikin nasa ganyen. Na kai hannu aljihu, ya buge hannun.

"Musaya muka yi. Dubi bakina." Ya buɗe, dasashi ne zalla. "Shekara nawa ina fama da magogi kafin in ci goro, yau ka kawo mini mai laushi har inda nake. Ni ne da godiya."

Ya jefa dafaffen guda a baki, ya tauna yana lumshe ido. Wallahi na yarda. Har na hau babur ina tunanin ko na gano wata sabuwar sana'a.

Na iske baffanni a zaure sun fara leƙen hanya. Uban yarinyar ya buɗe ganyen, ya ɗauki fari guda, ya fasa, ya saurari ƙararsa. Ya ce, "Wanda ya zaɓi goron nan ya san goro." Babban baffa ya dube ni da alfahari, ni kuwa na gyara zaman tabarau. Aka ba mu mata. Yau ita ce uwar gidanmu duka, kuma har gobe ba ta san a kan me aurenta ya rataya ba.

Shekarun baya da nawa haƙoran suka yi sallama, na tuna dabarar tsohon. Na ɗora goro kusa da garwashi har ya yi laushi, na jefa a baki. Ban taɓa ɗanɗana abu mai muni irinsa ba, sai da na kurkure baki sau uku. Ashe bawan Allah ƙarya ya yi mini, ya haɗiye wannan abu da murmushi don kada in tafi da kunya.

Tun daga ranar na gane cewa alheri ba girmansa ake dubawa ba. Kowa na iya ba ka goro, amma ba kowa ke ba ka ya kuma bar ka da hularka a kai ba. Allah ya jiƙan tsohon nan, ya ciyar da shi abin da ya fi wanda na ciyar da shi.